Giyar tuffa, khal, da zoɓon da ke fasa gora

Baban Joy (Hereford): Ina gaishe ku 'yan zaure. Na ga ana ta tambayar yadda ake haɗa khal ɗin tuffa a gida, amsoshin da ake bayarwa kuwa duk sun tsallake tsakiyar aikin. Bari in faɗi ko ni wane ne tun farko, don kada wani ya ce an shammace shi. Ni ɗan Filato ne, Kirista, aikin jinya ya kawo ni Ingila. Yankin da nake na masu gonar tuffa ne, a nan kamfanin Bulmers ya fara a 1887, kuma da kaka tuffa har zubewa take a gindin bishiya babu mai tsinta. Ina haɗa giyar tuffa, da ta 'ya'yan itatuwan daji, da biya (giyar hatsi), don ni da baƙina, ba na sayarwa ba. Ban zo koya wa kowa sha ba. Amma babu khal ɗin da bai ratsa ta hanyar giya ba, kuma abin da ke sa ruwan tuffata ya tashi shi ne dai ke sa zoɓo kumbura gora. In mai zaure ya yarda zan yi bayani.

Gaskiya Ɗaci: Inna lillahi. Yanzu har nan aka kawo? Zauren da matanmu da ƙannenmu ke ciki za a buɗe ajin dafa giya? Mutum goma aka la'anta a kanta, har mai matsa ta da mai ɗaukarta. A goge wannan tun wuri.

Mai Zaure: Gaskiya Ɗaci, sassauta. Baban Joy ya daɗe a nan, shi ya koya wa mutane busar da tumatir ba tare da ya yi baƙi ba, ba mu taɓa jin rashin ladabi daga bakinsa ba. Baban Joy, bismillah, amma ka tsaya kan yadda abin ke faruwa da abin da zai amfani masu khal da masu zoɓo. Ban da yabon ɗanɗano.

Baban Joy (Hereford): Na gode, ranka ya daɗe. Abu huɗu ne ke juya lamarin: sukari, yis, ɗumi, da iska. Yis ɗin nan na burodi halitta ce mai rai, kuma danginsa na zaune a bawon kowane ɗan itace, a hannunmu, a jikin bokiti. In ya sami ruwa mai zaƙi sai ya ci sukarin, ya fitar da abu biyu: barasa da iskar gas. Shi ke nan. Ba sai an zuba wani abu ba. Ni in na niƙa tuffa na matse, kilo 10 kan ba ni lita 5 zuwa 6, sai in zuba a tulun gilas mai cin lita 4.5, in toshe bakin da wata 'yar roba mai lanƙwasa da ruwa a cikinta, wadda ke barin gas ya fita amma ba ta barin iska ta shiga. Kwana biyu zuwa uku kumfa ta taso, robar nan ta dinga ɓul-ɓul dare da rana.

Muna da ma'auni, wani siririn gilas da ke yawo a kan ruwan. Ruwan tuffa sabo yakan nuna 1.050 ko kusa da haka. In yis ya cinye sukarin tas sai ya sauko 1.000, wato barasar da ke ciki ta kai wajen kashi 6.5 cikin 100. Ƙa'idar da muke riƙewa ita ce giram 17 na sukari a lita ɗaya yana ba da kashi 1. A sanyin nan namu, digiri 12 zuwa 15, aikin kan ɗauki makonni, wani lokaci har ya kai bayan hunturu. A zafin Kano kuwa ku lissafa da kanku.

Maman Hanan (Kano): Tsaya nan Baban Joy, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni zoɓo da kunun aya nake yi, yara na kai wa shaguna. Da zafin bazarar nan, in aka ɗauke wuta da dare, da safe sai in tarar gorunan sun yi tauri tamau, in ka buɗe ya yi tsiii ya feso. Akwai wadda ta fashe a cikin kula ta ɓata mini sauran. To kana nufin giya na sayar wa mutane ban sani ba? Wallahi hankalina ya tashi.

Baban Joy (Hereford): Kwantar da hankalinki Hajiya. Gas yana riga barasa bayyana nesa ba kusa ba. Mu in muna so biya ta yi gas a kwalba, rabin ƙaramin cokali na sukari muke sa wa rabin lita, wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa ya cika kwalbar da kumfa, barasar da yake ƙarawa kuwa ba ta kai rabin kashi ɗaya ba. Zoɓonki na rabin lita zai iya ɗaukar cokali 10 ko 12. Ke nan yis ya ɗan lasa kawai gorar ta kumbura. Kwana ɗaya ba ya mayar da shi abin maye. Amma ya kama hanya, in aka bar shi kwana huɗu biyar a ɗumi labari ya sauya. Gorar da ta yi tsiii kada ki sayar, ko don cikin yaran mutane.

Tambayata: abarba da citta da kokwamba, yaushe kike sa su?

Maman Hanan (Kano): Bayan ya huce. Ina markaɗa su ɗanye in tace a kai, don ƙamshin ya fito. In aka dafa abarba ƙamshin guduwa yake.

Baban Joy (Hereford): To ga ɓarawon nan. Kin tafasa zoɓo kin kashe komai, sannan kin dawo kin zuba masa sabon yis da hannunki. Bawon abarba cike yake da shi, a Meziko ma da bawon abarba da sukari kawai suke yin wani abin sha mai gas. Ki dafa bawon da cittar tare da zoɓon, sukari ma ya shiga tun yana wuta. Ruwan abarbar da kika markaɗa ki zuba a ƙarshe, ki bari ya yi minti biyu uku a kan wuta kafin ki sauke. Ƙamshi zai ragu kaɗan, amma zai kwana. Sai batun gora. A sana'armu aikin wanke-wanke ya fi na haɗawa yawa, in na yi awa biyar a kan biya, uku a bakin famfo na yi su. Gorar da wani ya sa wa baki, kurkure da ruwa ba ya isar ta, musamman zaren murfin.

Ɗan Samaru: Ina koyar da kimiyyar abinci, kuma abin da Baban Joy ya faɗa daidai ne. Ƙari ɗaya: kada a haɗa zoɓo da kunun aya a hukunci guda. Zoɓo yana da tsami tun asali, shi ya sa bakteriya ba sa sakewa a cikinsa, yis ne ke cin karensa babu babbaka. Kunun aya kuwa ɗanye ne, ba shi da tsami, ga sitaci ga mai, don haka bakteriya ne ke fara kama shi, ya yi yauƙi ya yi tsami cikin sa'o'i. Matsalarsa ba maye ba ce, gudawa ce. Maganinsa ƙanƙara da yin daidai na yini.

Malam Abu Sumayya: Assalamu alaikum. Na bi zancen tun daga sama. Ɗan'uwa Gaskiya Ɗaci, kishinka abin yabo ne, hadisin da ka kawo kuma tabbatacce ne. Sai dai sanin lokacin da halal ke juyewa ya zama haram shi ma ilimi ne da ake buƙata. A Sahihu Muslim, Ibn Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) busasshen inabi a ruwa, ya sha a ranar, da washegari, da rana ta uku zuwa yamma, abin da ya rage sai a bai wa wani ya shanye ko a zubar. Kun ga iyakar kwana uku ke nan, kuma alamar da malaman fiƙihu suka yi ta ambata ita ce tafasa ba tare da wuta ba, da fitar kumfa. Abin da wannan bawan Allah ya kwatanta da ma'auninsa shi ne suka gane da ido. Maman Hanan, ba ki da laifin abin da ya wuce, ba ki yi nufi ba kuma bai kai ga maye ba.

Gaskiya Ɗaci: Allah gafarta Malam, na ji na zoɓo. Amma shi da bakinsa ya ce khal sai ya bi ta giya. To matan da ke jiƙa tuffa a roba suna cewa khal suke yi, ashe giya suke ajiyewa a ɗaki ke nan. Wannan fa?

Baban Joy (Hereford): Hukuncin na Malam ne, ni dai ga abin da ke faruwa a cikin robar. Aiki biyu ne, ma'aikata biyu. Yis ya mayar da sukari barasa. Sannan wasu bakteriya masu son iska su mayar da barasar tsami. Louis Pasteur na Faransa ne ya tabbatar da hakan tun shekarun 1860. Su ne ke yin wannan fatar mai santsi da ke kwanciya a saman ruwan, wadda ake ce wa uwar khal. Mu masu giyar tuffa su ne abokan gabanmu, shi ya sa muke toshe iska, muke cika tulu har wuya. Mai khal kuwa akasin haka yake so: baki mai faɗi, a rufe da ƙyalle mai tsabta a ɗaure, a ajiye wuri mai ɗumi. Bambancin sana'ata da tasu murfi ne kawai.

Kuma in faɗa muku gaskiya, yawancin abin da nake gani ana yi, a yanka tuffa uku a cika roba da ruwa, ba ya ba da khal na kirki. Sukarin ya yi kaɗan. Khal na kanti yana da tsami kashi 4 zuwa 5 cikin 100, kuma sai barasar ta kai kusan haka kafin a samu. Ruwan tsami-tsami ne kawai ake samu, ya yi wa kwaɗo da salak, amma kada a dogara da shi wajen adana kayan lambu.

Malam Abu Sumayya: To a nan akwai saɓani na gaske, ba zan ɓoye ba. Khal kansa halal ne, Annabi (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗi, hadisin na cikin Muslim. Giyar da ta juye da kanta ta zama khal, malamai sun haɗu a kan ta tsarkaka. Inda aka rabu shi ne mutum ya ɗauki giya ya juya ta da gangan. Anas ya ruwaito an tambayi Annabi (SAW) ko a mayar da giya khal, ya ce a'a. Shafi'awa da Hanbalawa sun tsaya a kan wannan. Hanafawa sun halatta. A wajenmu Malikawa, Muhtasar na Halil ya lissafa giyar da aka mayar khal cikin abubuwa masu tsarki, ko da yake an yi magana a kan shi aikin juyawar. Sannan wanda ya matse tuffa da niyyar khal tun farko ba daidai yake da wanda ya ajiye giya sannan ya sake shawara ba. Wasu malamai sun kawo mafita: a zuba tsohon khal a cikin ruwan tun kafin ya fara tashi, yadda ba zai taɓa tsayawa a matsayin abin maye ba. Baban Joy, a aikace wannan yana yiwuwa?

Baban Joy (Hereford): Yana yiwuwa Malam, ina yi ma, don matata ta fi son khal a kan duk sauran tarkacena. Sai dai khal ɗin ya zama mai rai, wanda ba a dafa ba, mai gurɓi-gurɓi a ƙasan kwalba. Fari tas ɗin nan na kanti ba shi da uwa. Ina sa kashi ɗaya na khal a kashi huɗu ko biyar na ruwan tuffa, a buɗaɗɗen tulu. Ma'aikatan biyu sai su yi aiki lokaci guda, wannan na fitar da barasa, wancan na cinye ta. Illarsa jinkiri, don yis ba ya son tsamin khal, in ya yi yawa ma sai ya tsaya cak a bar ka da ruwa mai zaƙi-zaƙi. A ba shi wata biyu zuwa uku. Ba zan ce babu ɗigon barasa a tsakani ba, akwai, amma ba ta taruwa.

Gaskiya Ɗaci: Ni dai na kanti zan ci gaba da saya, hankalina ya fi kwanciya.

Ɗan Samaru: Na kantin ma ta nan ya bi, ƙanena, sai dai a tankin kamfani. Amma ra'ayinka ne, babu mai tilasta ka.

Na Maraɗi: Ni tambayata daban ce. Tuffa a wajenmu tsada gare ta, daga waje ake kawo ta, ɗaya ɗaya ake saye a kai wa mara lafiya. Wa zai matse kilo 10? Mangwaro kuwa in lokacinsa ya yi har ruɓewa yake a tasha. Ba a yi da shi?

Baban Joy (Hereford): Ana yi ƙwarai. Duk abin da ke da sukari yana yi: mangwaro, abarba, rake, dabino. A Iraƙi khal ɗin dabino ne sananne. Mangwaro dai yana da kauri, sai an sirka da ruwa an tace sosai. Amma kalmar "ruɓewa" da ka faɗa, a kiyaye. Wanda ya nuna lugub daban, wanda ya yi fumfuna daban. Mai fumfuna a jefar, don tana barin guba a ruwan.

Ɗan Zongo (Kumasi): Baban Joy, ka ce kana yin biya. Mu nan muna ganin matan Dagaba da Frafra suna dafa fito da dawa a manyan tukwane, ana sha a ƙwarya. Naka da nasu ɗaya ne? Kuma me ya sa nasu ba ya kwana biyu sai ya yi tsami?

Baban Joy (Hereford): Uwa ɗaya uba ɗaya, har da burkutun da na taso ina gani a ƙauyenmu. Hatsi ba shi da sukari, sitaci gare shi, yis kuwa ba ya cin sitaci. Shi ya sa ake jiƙa hatsin a bar shi ya tsiro, tsiron ne ke fito da sinadarin da ke narkar da sitaci ya koma zaƙi. Ni sha'ir nake saye wanda aka riga aka tsirar aka busar. In jiƙa shi a ruwa mai digiri 66 na awa ɗaya, in tace, in tafasa awa ɗaya da wani fure mai ɗaci da ake kira hops, in huce shi da sauri, in sa yis iri guda tak, in rufe. Tukunya ɗaya lita 23. Furen nan yana hana bakteriyar tsami sakewa, shi ya sa kwalba ke yin watanni. Iyayenmu kuwa a buɗe suke yi, da gangan suke barin ya yi tsami kafin ya tashi, kuma ana sha yana kan tashi. Abu ne mai rai, ba a yi shi don ajiya ba.

A nan tun 1963 aka cire wa mai yin biya a gida neman lasisi, muddin ba zai sayar ba. A Amurka sai 1978 Jimmy Carter ya sa hannu a kan irin wannan doka.

Ɗan Samaru: Ga abin da zai ba masu kunun zaƙi mamaki. Tsiron shinkafa ko na gero da ɗanyen dankalin Hausa da kuke niƙawa ku zuba a kan dafaffen gasara, kunu ya tsinke ya yi zaƙi ba sukari, wannan shi ne ainihin matakin farko na Baban Joy. Ku a nan kuke tsayawa, shi yana wucewa. Lemon malt na kwalba ma haka ne, an tsaya kafin yis. Kuma tun da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsirarren sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na malt suka koma kan dawa, har yau dawar da ake nomawa a Arewa na shiga can da yawa. Gargaɗi ɗaya ga mai tsirar da dawa: saiwar da ɗan ganyen da ke fitowa suna ɗauke da guba irin ta rogo mai ɗaci. A busar, a murje su a sheƙe, kuma kada a bai wa awaki.

Gaskiya Ɗaci: To ai ga shi nan, guba. Ba a 2015 mutane suka yi ta mutuwa a Ondo da Ribas ba saboda irin wannan haɗe-haɗen na gida? Wasu suka makance.

Baban Joy (Hereford): An yi haka, kuma abin baƙin ciki ne. Amma wancan ogogoro ne, wanda ake turarawa a tattara tururinsa, kuma abin da ya kashe su metanol ne, wani nau'in barasa mai guba. Tsimin 'ya'yan itace na fitar da metanol ɗan mitsitsi wanda bai kai ya yi illa ba. Kisa na zuwa ne galibi in an sirka da sinadarin masana'antu don riba. Turarawar nan ko a Ingila laifi ce ba lasisi, ni ban taɓa kusantarta ba. A matsayina na ma'aikacin jinya kuma ba zan ce maka tawa ba ta da illa ba. Hantar da na gani ta lalace a asibiti, yawancinta giya mai lasisi ce ta cinye ta. Khal da zoɓo dai babu ruwansu da metanol, kada Hajiya ta sake tsorata.

Maman Hanan (Kano): Na dawo da rahoto. Jiya na dafa komai tare kamar yadda ka ce, na wanke gorunan da ruwan zafi da sabulu har murafen. Wuta ba ta zo ba sai asuba, amma ko ɗaya ba ta kumbura ba. Sai dai wata mai shago ta ce ƙamshin abarba bai kai na da ba. Zan ƙara bawon. Khal ɗin mangwaron kuma zan gwada ta hanyar da Malam ya faɗa. A bokitin ƙarfe zan iya?

Baban Joy (Hereford): A'a Hajiya, tsamin zai ci ƙarfen, alminiyam ma haka. Gilas, ko robar da aka yi don abinci, ko tulun da aka shafe cikinsa. Ƙyallen ya zama mai ƙananan ƙofofi, don ƙananan ƙudajen nan na 'ya'yan itace suna ratsa abin tatar koko in ya tsufa. Kuma ki nisanta shi da inda kike haɗa zoɓo, ɗaki daban in da hali, cokali daban. In uwar khal ta shiga kayan zoɓonki sai kin sauya robobi.

Na Maraɗi: In fatar nan ta fito a sama, a kwashe ko a bari?

Baban Joy (Hereford): A bari, kada ma a girgiza tulun. In ta nutse wata za ta fito. Mai santsi, fara-fara ko ruwan ƙasa, ita ce ake so. In ka ga gashi-gashi kore ko baƙi a bushe a sama, fumfuna ce, a zubar duka a wanke tulun da tafasasshen ruwa. In ya yi, ka ɗebi kofi ɗaya da guntun fatar ka ajiye a kwalba, da shi za ka tayar da na gaba.

Mai Zaure: Masu tura mini saƙo ta gefe a kan farashin gorunan da ba a taɓa amfani da su ba, ku buɗe sabon zance a kai, wannan ya yi tsawo.